Baƙo a allon fim, baƙo a bakin iyaka

Akwai wani ɗan wuri a fim ɗin Children of Men da bai wuce 'yan daƙiƙu ba, amma ya fi duk harbe-harben da ke cikinsa zauna mini a rai. Jarumin, Theo, ya sauko daga jirgin ƙasa yana tafiya a tasha, abin da ya dame shi ya dame shi. A gefensa an jera kejina na ƙarfe maƙil da mutane, 'yan sanda da karnuka na gadi. Wata tsohuwa tana ta magiya ta cikin waya da harshen da ba wanda ya tsaya saurare. Theo bai ko waiga ba. Kyamarar ce ta ƙyale shi, ta karkata kan mutanen kejin ta ɗan tsaya, sannan ta bi bayansa.

Fim ɗin ya fito a 2006, Alfonso Cuarón ɗan Meziko ne ya ba da umarninsa, labarin kuma a Birtaniya yake faruwa a 2027, bayan an shekara 18 ba a haifi jariri ko ɗaya ba a duniya. Ƙasashe sun wargaje, Birtaniya ta garƙame iyakokinta, duk baƙon da aka kama sai a tura shi wani garin bakin teku mai suna Bexhill, wanda aka kewaye da waya aka mai da shi sansani. Lokacin da na fara kallonsa na ɗauka ƙarin gishiri ne irin na masu fim. To, Bexhill gari ne na gaske a kudancin Ingila. A watan Maris na 2023 gwamnatin Birtaniya ta sanar cewa za ta tsugunar da masu neman mafaka a wani tsohon gidan yari da ke garin, har ta sayi wurin a kan kimanin fam miliyan 15. Daga baya an watsar da shirin. Amma a 2023 ɗin ce aka fara kwantar da masu neman mafaka a kan wani katafaren jirgin ruwa mara inji, Bibby Stockholm, da aka ɗaure a tashar Portland. Tun daga nan na daina yi wa irin waɗannan fina-finai kallon nishaɗi zalla.

Nau'i biyu nake son in haɗa a nan, don na lura duk inda gardamar shige da fice ta yi zafi, hotunansu ne ke yawo a kan mutane. Akwai fina-finan miyagun laifuka, na dillalan ƙwaya da gungun 'yan daba da masu kisa don kuɗi. Akwai kuma waɗanda zan kira fina-finan baƙar makoma, masu hasko wata gobe da ta lalace, inda hukuma ta zama dodo. Dukansu da tsoro suke cin abinci. Na farkon yakan nuna maka baƙo ya ce ga abin tsoron. Na biyun yakan nuna maka mai gadin ƙofa. A bisa fuska na biyun ne mai gaskiya, na farkon mai laifi, kuma na daɗe ina ganin haka. Yanzu na gane lissafin bai kai haka sauƙi ba.

Mu fara da Scarface na 1983, don ban san fim ɗin da ya ɗaure baƙo da laifi tamau kamarsa ba. Brian De Palma ne ya yi shi, Al Pacino ya fito a matsayin Tony Montana. Kafin a ga fuskar jarumi, sai da aka rubuta a allo cewa a 1980 Fidel Castro ya buɗe tashar ruwa ta Mariel, 'yan Kyuba 125,000 suka tsallaka zuwa Florida, kuma kimanin 25,000 daga cikinsu suna da tarihin laifi. Aka haɗa da hotunan gaske na jiragen ruwa danƙare da mutane. Wato tun labari bai fara ba, an riga an gaya wa mai kallo cewa abin da zai gani ba ƙage ba ne. Abin da allon bai faɗa ba shi ne, a Kyuba ta lokacin, sukar gwamnati ko 'yar kasuwar bayan fage ma tana sa a rubuta wa mutum laifi. Da aka zo yarjejeniyar 1984 tsakanin ƙasashen biyu, mutum 2,746 Amurka ta lissafa a matsayin waɗanda za a mayar. Sauran sun shige cikin gari suna neman na kansu. Masanin tattalin arziki David Card ya bi sawunsu a bincikensa na 1990, ya ce zuwansu bai karya albashin ma'aikatan Miami ba. George Borjas ya ƙalubalance shi daga baya, kuma gardamar ba ta mutu ba. Amma je ka tambayi mutum goma abin da suka sani a kan mutanen Mariel. In ma sun san wani abu, to Tony ne da tulin hodar iblis a gabansa. 'Yan Kyuba mazauna Miami sun hango haka tun ana shirin fim ɗin, suka tada jijiyar wuya har aka kwashe yawancin ɗaukar zuwa Los Angeles.

Ina son fim ɗin, ba zan ɓoye ba, kuma na kalle shi ya fi a ƙirga. Sai dai akwai abin da sai a kallo na baya-bayan nan na lura da shi. Kisan farko da Tony ya yi a Amurka, ƙwaya ba ta ciki. Yana tsare ne a wani sansanin tantuna a ƙarƙashin gadar babbar hanya, ba ranar fita. Sai aka zo masa da ciniki: ya kashe wani tsohon jami'in gwamnatin Kyuba da ke cikin sansanin, a ba shi katin izinin zama shi da abokinsa. Ya daɓa wa mutumin wuƙa a cikin hargitsi, ya samu kati. Fim ɗin ya nuna wannan cikin 'yan mintuna ya wuce, don bindiga ta fi takarda kyan gani a allo. A ganina kuwa a kan wannan takardar gaskiyar lamarin take kwance.

Zubin ya girmi Tony nesa ba kusa ba. Scarface na asali a 1932 ya fito, mugun cikinsa Ba'italiye ne da aka ƙera da siffar Al Capone, uban daban Chicago, wanda shi kansa a Brooklyn ta birnin New York aka haife shi. A 1891 an yi wa Italiyawa 11 kisan gilla a New Orleans bayan an kashe shugaban 'yan sandan garin. A 1924 aka yi dokar da ta datse shigowarsu, daga sama da dubu 200 a wasu shekarun zuwa kusan dubu 4 a shekara. Kwamitin Wickersham da shugaba Hoover ya kafa ya duba batun, ya fitar da rahoto a 1931 cewa waɗanda aka haifa a waje ba su kai 'yan ƙasa aikata laifi ba in aka auna da yawansu. Rahoton ya kwanta a kanta, fim kuwa ya shiga gari. Abin da ya yi wa su Capone ƙiba ba ɓoyayye ba ne, dokar hana sayar da giya ce ta 1920 zuwa 1933. Aka haramta abin da miliyoyi ke nema, sai masu bindiga suka gaji kasuwar.

Ba sai darakta yana ƙin baƙi ba kafin wannan ɓarnar ta auku. Fim mutum ɗaya yake bi, kuma mutumin dole ya aikata abin da zai riƙe mai kallo awa biyu ko uku. Ba mai biyan kuɗi ya kalli wanda ya tashi da asuba ya tafi aiki ya dawo ya aika wa mahaifiyarsa abin da ya samu. Idan mugun fim ɗan ƙasa ne, mai kallo yana da dubban 'yan ƙasa da ya sani waɗanda zai auna shi da su, don haka laifin ya tsaya a kansa shi kaɗai. Idan baƙo ne daga al'ummar da mai kallo bai taɓa zama da ɗanta ba, sai wake ɗaya ya ɓata gari. Tun shekarun 1970 masanin sadarwa George Gerbner ya nuna cewa masu yawan kallon talabijin sun fi ɗaukar duniya a matsayin wuri mai haɗari fiye da yadda take. Ko kashi na biyu na The Godfather, wanda ya nuna yaro Vito ɗan shekara tara shi kaɗai a tsibirin Ellis, mashigar baƙi ta New York, a 1901, an killace shi saboda agana, yana zaune yana waƙa yana kallon taga, ko shi ma tausayin da ya gina a kan yaron ya ƙare ne a kujerar uban daba. Mutum kusan miliyan 12 suka ratsa ta wannan tsibiri, duniya kuwa wannan ɗayan ta haddace.

'Yan siyasa sun san darajar wannan ajiya da ke kan mutane, kuma suna cire ta kamar kuɗi a banki. A Yunin 2015, ranar da Donald Trump ya shelanta takararsa, da zancen ƙwaya da laifi da fyaɗe ya siffanta masu shigowa daga Meziko. A yaƙin zaɓen 2024 ya sha ambatar Hannibal Lecter, mai cin naman mutane na cikin fim, a daidai lokacin da yake magana kan baƙi. A Maris 2025 aka kwashi 'yan Benezuwela sama da 200 zuwa wani ƙaton kurkuku a El Salvador, da yawansu ƙarƙashin wata dokar 1798, shugaba Nayib Bukele kuma ya saki bidiyon saukarsu: dare, fitilu, jami'ai rufe da fuska, mutane a sarƙa ana danne kawunansu ana aske su. An tace shi, an sa masa kiɗa, tamkar tallar sabon fim. A Birtaniya, Nigel Farage ya ƙaddamar da wani allon talla a Yunin 2016, mako guda kafin ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai, ɗauke da hoton dogon layin mutane da ba a ganin ƙarshensa. An ɗauki hoton ne a 2015 a iyakar Kuroshiya da Sulobeniya, nesa da Birtaniya ƙwarai. Amma duk wanda ya saba kallon fim ya san abin da irin wannan hoto ke nufi: suna tafe.

Ya kuma kan kai ga jini. A Yulin 2024 an kashe 'yan mata ƙanana uku a garin Southport na Ingila. Kafin hukuma ta bayyana sunan wanda ya yi kisan, ƙarya ta zaga intanet cewa maharin Musulmi ne mai neman mafaka da ya shigo ta jirgin ruwa. A Cardiff, cikin Birtaniya, aka haife shi. Amma duk da haka an far wa masallaci, an kuma yi yunƙurin cinna wuta a otal ɗin da aka sauke masu neman mafaka a Rotherham, suna ciki. Ƙaryar ta yi saurin kamawa ne don labarin ya daɗe a shirye a zukata, suna kawai ake jira a cusa.

To me alƙaluma suka ce? A Amurka amsar a fili take. Binciken da aka buga a 2020 kan bayanan kamen jihar Texas ya nuna marasa takarda ba su kai haifaffun ƙasar yawan shiga hannu kan manyan laifuka ba. Wani binciken da Ran Abramitzky da abokan aikinsa suka yi kan ƙidayar jama'a tun daga 1870 ya nuna baƙi, a jimlace, ba su fi haifaffun ƙasar cika gidajen yari ba a tsawon wannan lokaci. Dalilin ba wuyar ganewa: wanda ya san ƙaramin laifin tuƙi na iya jawo a tasa ƙeyarsa, ya fi kowa taka-tsantsan.

A Turai hoton ya sha bamban, kuma duk mai son a saurare shi dole ya faɗi haka. A Suwidin da Jamus, alƙaluman hukuma sun nuna baƙi sun fi kasonsu yawa a cikin waɗanda ake zargi da laifi. Cin zarafin da aka yi wa mata a birnin Cologne na Jamus a daren shiga 2016 ya faru, ba sharri ba ne, kuma matan da abin ya shafa ba su cancanci a share kukansu don kar a ba masu ƙin baƙi makami ba. Ina jin haushin masu kare baƙi da ke kauce wa wannan magana, don kauce mata ke miƙa ta ga waɗanda za su faɗe ta da mugun nufi. Idan aka yi la'akari da shekaru da jinsi da halin rayuwa, gibin yakan ragu sosai, ko da yake bai ɓace gaba ɗaya ba. Samari marasa aikin yi su ne kan gaba a laifi a kowace al'umma. Binciken da ya fi buɗe mini ido shi ne na Paolo Pinotti a Italiya. A Disambar 2007 an raba izinin zama ta intanet, wanda ya riga latsawa shi ya samu. Mutum biyu masu hali ɗaya, ɗan lokaci kaɗan ya raba su, ɗaya ya samu takarda, ɗaya ya rasa. Da aka bi su a shekarar da ta biyo, aikata laifi ya faɗi ƙwarai a cikin waɗanda suka samu. Ba addininsu ne ya sauya ba, ba launinsu ba. Hanyar cin halal aka buɗe musu.

Shi ya sa in za a tambaye ni fim ɗin laifi da ya fi kowanne fahimtar shige da fice, Dirty Pretty Things na 2002 zan ce, wanda Stephen Frears ya yi. Chiwetel Ejiofor ya fito a matsayin Okwe, likita daga Najeriya da ke zaune a Landan ba takarda, da rana yana tuƙa tasi, da dare yana karɓar baƙi a otal. Wani dare ya je gyara banɗakin wani ɗaki da ya toshe, ya zura hannu ya ciro abin da ya toshe shi, sai ga zuciyar mutum. Ya kai wa manajan otal. Manajan ya ɗaga waya ya kira 'yan sanda, ya miƙa masa ya ce to yi musu bayani, yana sane cewa abu na farko da za su tambaya shi ne sunan mai kira. Okwe ya ajiye wayar. A wannan 'yar daƙiƙar aka tattare komai. A otal ɗin ana yanke wa baƙi ƙoda a ba su fasfo na jabu, kuma kasuwar tana tafiya lami lafiya ne don duk wanda ya gani ba shi da bakin magana. Abokiyar zamansa, 'yar Turkiyya mai neman mafaka, doka ta hana ta aiki, don haka take yi a ɓoye, mai gidan aikin kuma ya mai da wannan sirri igiyar da yake cin zarafinta da ita. Har yau a Birtaniya, galibi mai neman mafaka ba ya da izinin aiki sai ya shekara yana jira, shi ma a wasu ayyuka ƙididdigaggu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan harka sau da yawa hukuma ce ke tsaga bangon da hannunta yayin da take ƙara masa tsawo. A 1994 Amurka ta ɗauki dabarar toshe mashigan da ke kusa da birane, da tunanin hamada za ta tsorata mutane. Mutane suka bi hamadar Arizona, dubbai suka mutu, wanda kuma a da yake tsallakawa da ƙafarsa yanzu sai ya biya ɗan jagora, ɗan jagora kuma sai ya biya gungun ƙwaya masu riƙe da hanya. A Oktoban 2019 an tsinci gawar 'yan Biyetnam 39 a cikin kwantenar tirela a Essex ta Ingila. A Yunin 2022 mutum 53 suka mutu a bayan tirela a San Antonio ta jihar Texas. Masu fasa-ƙwaurin da suka rufe waɗannan ƙofofi azzalumai ne, kuma sun cancanci hukuncin da aka yi musu. Amma fina-finai irin su Sicario sukan fara labari ne daga lokacin da azzalumin ya riga ya ƙoshi, ba sa komawa baya su nuna wanda ya shimfiɗa masa kasuwa. Labarin giyar zamanin Capone ne ya dawo, sai dai wannan karon hajar mutane ce.

Mu ma a bakinmu hukuncin yana nan. Muna cewa "baƙin haure", haure kuwa aikin mai tsallake katangar wani ne. Kafin a ji ta bakin mutum, kalmar ta riga ta gama da shi. Alhali yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta ce kar a hukunta wanda ya gudo daga haɗari don ya shigo ba izini, muddin ya gabatar da kansa ba jinkiri.

Yanzu ga fina-finan baƙar makoma, waɗanda na daɗe ina yi wa kallon masu gaskiya. Laifinsu na farko shi ne kwanan watan da suke liƙa wa labari. Da zarar an ce 2027, ko 2154 kamar a Elysium inda masu kuɗi suka ƙaura sama suna harbo jiragen talakawa, sai mai kallo ya saki jiki, ya ce Allah ya kiyaye mu da wannan rana. Ranar kuwa ta daɗe da wayewa a kan wasu. Tun 2001 Ostireliya ta fara tura masu neman mafaka tsibirin Nauru da na Manus. A Nuwamban 2017 CNN ta nuna ana gwanjon mutane a Libiya a kan dala 400. A 2018 duniya ta ga yara a cikin shingen waya a Texas bayan an raba su da iyayensu, shingen kuma tun 2014 aka kafa shi, zamanin Obama, don kar a ɗauka cutar ta jam'iyya ɗaya ce. Tun daga 2014 sama da mutum dubu 25 suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum. Birtaniya ta ƙulla yarjejeniyar tura masu neman mafaka Ruwanda a 2022, Kotun Ƙoli ta ce ta saɓa doka a 2023, sabuwar gwamnati ta soke ta a 2024 ba tare da an tilasta wa ko mutum ɗaya tafiya ba. Amfaninta dama a hoton da take aikawa yake.

Laifi na biyu ya fi ciwo, kuma District 9 na 2009 ne misalinsa. Neill Blomkamp ya kawo wasu halittu daga wata duniya ya zube su a unguwar kwano a Johannesburg, ya nuna wani ma'aikaci yana bi gida-gida da takardar tashi yana neman sa hannunsu. Sunan fim ɗin yana tuna District Six na Cape Town, inda gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana unguwar a matsayin ta farare a 1966, ta kori kimanin mutum 60,000. Ya kuma fito shekara guda bayan tarzomar ƙin baƙi ta Mayun 2008 da ta ci rai 62 a Afirka ta Kudu. Fim ne mai ƙarfi, kuma ya sa na tausaya wa halittar da ko fuskar mutum ba ta da ita. Amma a cikin wannan unguwa akwai baƙi 'yan Adam na gaske, 'yan Najeriya, kuma yadda aka nuna su shi ne dillalan makamai, masu karuwanci, masu cin naman halittun don tsafi. Shugabansu ma sunansa ya yi kama da na Obasanjo. Ministar yaɗa labarai ta lokacin, Dora Akunyili, ta nemi a daina nuna shi, ta kuma buƙaci a ba da haƙuri. Wasu sun ce ta yi zafi da yawa. Ni ina ganin ta gano abin da masu yabo suka tsallake: fim ɗin da ya zo wa'azi kan ƙin baƙi ya iya ba halittar ƙage mutunci, ya kasa ba baƙon da ke tafiya a titin garin da aka ɗauke shi. Laifi tudu ne.

Kar kuma a ɗauka hasko baƙar makoma kayan masu tausayin baƙi ne kaɗai. A 1973 marubucin Faransa Jean Raspail ya fitar da wani ƙagaggen labari inda ayarin jiragen ruwa ɗauke da talakawa kusan miliyan daga Indiya suka sauka a kudancin Faransa, Turai ta rushe. Steve Bannon, wanda ya yi wa Trump mashawarci, ya sha ambatarsa. Daga irin wannan tunani aka samu aƙidar nan ta cewa ana shirin maye gurbin Turawa da baƙi, kuma da sunanta maharin Christchurch ta New Zealand ya raɗa wa takardarsa suna kafin ya kashe mutum 51 a masallatai biyu a Maris 2019. Shi ma wata gobe ya hango ta tsorata shi. Duk labarin da ya ce gobe ta kusa ƙonewa yana ba mai saurare lasisin yin abin da ba zai yi ba a ranar lafiya, kuma wannan gaskiya ne ko wane ɓangare ya riƙe shi.

Akwai kuma tambayar da nau'in biyu duk suka guje wa, don ba ta da armashi a allo. Kowace ƙasa tana da haƙƙin sanin wanda ke shigowa cikinta. Mutumin da ya ga haya ta yi tsada, layin asibiti ya yi tsawo, unguwarsa ta sauya cikin 'yan shekaru ba wanda ya shawarce shi, ba lallai ne mugu ba don ya yi ƙorafi. Fim ɗin baƙar makoma yakan mai da shi soja mai rufe da fuska, kamar yadda fim ɗin laifi ke mai da baƙo ɗan daba. Ainihin siyasar kuwa a ofis take: jami'ai nawa ke duba takardun mafaka, wata nawa ake jira, a bar mai jira ya yi aiki ko a hana shi, a buɗe hanyar biza ga masu aikin gona da jinya ko a bar su a hannun 'yan tirela, wanda aka ƙi kuma ta yaya za a mayar da shi ba tare da wulaƙanci ba. A nan ake ceton rai, a nan kuma ake asararsa. Sannan mafi yawan masu gudun ma ba Landan ko Texas suka nufa ba. Cikin sama da mutum miliyan 120 da aka raba da muhallinsu a duniya zuwa ƙarshen 2024, mafi yawa ba su bar ƙasashensu ba, waɗanda suka tsallaka kuma akasarinsu a maƙwabta suka tsaya: 'yan Sudan a Chadi, 'yan Siriya a Turkiyya, 'yan Benezuwela a Kolombiya, ga Yuganda da ke ɗauke da sama da miliyan ɗaya da rabi. Wuri ɗaya da na ga babban fim ya juya madubin shi ne The Day After Tomorrow na 2004, inda sanyi ya koro Amurkawa suna yanka shinge suna ratsa kogi don shiga Meziko. Shi ma 'yan daƙiƙu ne aka wuce.

In koma inda na fara. A littafin P. D. James da aka ciro Children of Men daga gare shi, matar da ta samu ciki Baturiya ce. Cuarón ne ya mai da ita Kee, baƙar fata 'yar gudun hijira, kuma na fahimci abin da yake nufi: wadda ƙasa ke farauta ita ke ɗauke da goben ƙasar. Tunani ne mai kyau, amma yana da ƙaya. Don a ceci Kee, sai da ta zama mace ɗaya tilo mai ciki a doron ƙasa. Haka ake yi a gardamar yau da kullum, sai a kare baƙo da cewa ai likita ne, ai ɗan ƙwallo ne, ai yana biyan haraji, kamar wanda ba shi da ko ɗaya daga ciki ya halatta teku ta ci shi.

Kusa da ƙarshen fim ɗin, ana ɓarin wuta a wani bene a Bexhill, Theo da Kee suka sauko matakala da jaririyar tana tsala kuka. Mutanen da suka fake a benen suka fito daga lunguna suna miƙo hannu su taɓa ƙafarta. Sojoji suka ji kukan, wani ya daka tsawa a tsagaita, bindigogi suka yi tsit, wasu har suka durƙusa. Su ukun suka ratsa ta tsakiyar sojojin a hankali. Suna wucewa wani makami ya fashe, kowa ya juya ya ci gaba da harbi. A da, bayan Theo da jaririyar nake bi da ido har bakin ruwa. Yanzu in na zo wurin, hankalina kan waɗanda suka miƙo hannu a matakala yake tsayawa. Suna nan cikin benen lokacin da wuta ta dawo, kuma fim ɗin bai sake komawa kansu ba.